Sulen da Bai Ga Kasuwa Ba

Ran Asabar bayan la'asar,
a shagon Dogara mai gyaran agogo,
can kwanar Kasuwar Barci, kusa da masu ɗinkin katifa,
mu bakwai ne, in an lissafa da Jibo
wanda shayi kaɗai ke kawo shi.

Kowa da gwangwaninsa.
Nawa na madara ne, tun ina akawu a tashar jirgin ƙasa:
anini, ɗari, kwabo mai huji,
taro mai kusurwoyi,
da sisi guda da ya sha hannu
har fuskar da ke kansa ta koma inuwa.

Ishaya ya shimfiɗa takardar talla a kan tebur.
Wani kamfani ya bugo sababbi, wai na tunawa,
kowanne kwance cikin akwatin karan-miski
da takardar shaida kamar ɗan makaranta,
kuɗinsa ya kai buhun masara biyu.
"Bara uku, bana biyar," in ji shi,
"kowane biki da nasa.
Baɗi za su buga na tunawa da ranar da suka buga na bana.
Mu ƙaurace musu."

Tanimu ya ɗaga fatakarsa ga hasken ƙofa.
"Wannan ta sayi ƙosai, ta biya kuɗin jirgi zuwa Kafanchan,
ta kwana a haɓar zanen wata tsohuwa.
Nasu me ya taɓa saye?
Ƙarfe ne ya ci ado.
Da tsohuwar zuma ake magani."

Lantana, da ta gaji gwangwanin mijinta
ta kuma fi shi sanin abin da ke ciki,
ba ta ko ɗago kai ba.
"Zumar ma sabuwa ce ranar da aka ɗebo ta.
Kuma mu nawa ne?
Kifi ya yi fushi da kogin Kaduna,
kogin ya ji labari?"

Aka ɗaga hannu.
Biyar.
Nawa ne ya fara tashi, ban ɓoye ba.

Ran Laraba Saratu ta biyo daga asibiti,
da farin kayanta, da gajiyar kwanan aiki a ido.
Ta ajiye ƙaramin akwati kusa da rediyona.
"Baba, na ga irin abin da kake so.
Wata uku ina zubin adashi."

Na buɗe.
Yana ƙyalli kamar haƙorin makka,
ba tabo, ba datti, ba labari,
an rufe shi da roba kada iska ta gaishe shi.

Hannun da na ɗaga ran Asabar
shi na sa na karɓa.
Na ce Allah ya yi albarka, kuma har zuciya na faɗa.

Da dare na fasa robar da wuƙar goro.
Na jefa shi aljihu,
tare da makullin gida da tsinken sakace.
Ya je masallaci, ya shiga motar Kawo,
ya sha gumi a layin 'yan fansho.
Jikana ya cije shi sau biyu.

Asabar ta zagayo.
Ina zama kan benci, aljihu ya yi magana.
Dogara, wanda kunnensa ke jin ciwon agogo tun daga titi,
ya cire gilashin idonsa.
"Wannan ba kukan kwabo ba ne."

Shago ya yi tsit.
Jibo ma ya ajiye kofi.

Na fito da shi. Ga ƙarzuna biyu a gefe.
Ishaya ya kau da kai.
Lantana ta karɓa, ta murza da babban yatsa,
ta miƙo mini.

"Mayar da shi," ta ce.
"Yaro ne tukuna.
In ya shekara talatin a nan,
wanda ya rage cikinmu sai ya duba maganarsa."